Hannun da ke Cikin Gajimare

A Yalwa, cikin Garwa, bayan masu faci,
nake da tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce.
Hatimi nake sassaƙawa. Sana'ar baibai:
abin da zai fito dama, a hagu nake yanka shi,
inda na ƙwaƙule shi ne fari,
inda na bari shi ke shan tawada.

Baba Deli ya koya mini, a ɗakin ɗab'in Fada,
inda wata tsohuwar takarda ke rataye,
gara ta ci gefenta, yoyon damina ya yi mata zane.
Wani sarkin Turawa ne, gashi buzu-buzu har kafaɗa,
ya taka maciji mai kai bakwai,
mata biyu na busa masa ƙaho,
ga wani hannu ya ɓullo daga gajimare,
ba kafaɗa, ba fuska,
yana sauke masa kambi.
Na ce, Baba, wannan hannun na wane ne?
Ya goge yatsu da tsumma, ya ce,
"Na wanda ya biya kuɗin tagullar."

Shekara talatin ke nan. Ƙasa ta rufe idon Baba.

Ran Laraba Alhaji Barkindo ya aiko direba,
zaɓe saura wata biyu.
Kalanda yake so, guda dubu biyar.
A sa shi tsakiya, carbi har gwiwa,
hasumiya nan, rumbun dawa can,
kura a ƙarƙashin takalminsa,
ma'auni a hannun wata mai lulluɓi, wai ita ce Adalci,
sannan haske ya sauko daga sama
ya dira daidai kan hularsa.
Na ce, hannu fa?
Ya ce Liman ya hana hannu. Haske dai, haske ba laifi.
Kwanon masallacin kuwa sabo ne fil,
tun daga kan gada yake kashe ido.

Na karɓi rabin kuɗi, ba zan ɓoye ba.
An koro Kande daga makaranta,
tukunya kuma ba ta dafa ra'ayi.

Da dare na zauna, ni da wuƙa da katakon maɗaci.
Haske ba a zana shi, ƙwaƙule shi ake.
Don hular Alhaji ta yi ƙyalli
na cire masunta uku daga bakin Binuwai,
na cire mai tallar kifi da tirenta,
na cire jakin mai ruwa,
na cire rabin unguwa.
Duk suka zube a cinyata, ɓarɓashi,
na karkaɗe su na ci gaba.

Kurar ce ta ba ni wuya.
Na so in munana ta, wuƙa ta zame,
sai ga ta da idon maƙwabcina Ilu tela,
mai bakin da ba ya ƙulluwa,
wanda kekensa ya yi tsatsa tun da aka zo da mota aka tafi da shi.
Na bar idon yadda yake.

Ma'aunin kuwa, dama na rinjayar.
Da takarda ta fito, ya faɗa hagu.
Mantuwa ce? Bayan shekara talatin?
Ni ma ina tambaya.
Alhaji bai lura ba, hularsa yake kallo.

Yanzu an ci zaɓe, an share wurin taro.
Yau Inna Dudu ta ƙunsa mini ƙosai
cikin watan Maris.
Mai ya fara cin wurin hasken,
don nan ne babu tawada,
har ina hango tafina ta cikinsa.

Na ɗaga takardar sama, wajen hadarin da ke tasowa daga Tingilin.
Ga shi nan a bayan gajimaren:
baƙi har wuyan hannu,
da tabon wuƙa a babban yatsa,
ba kafaɗa, ba fuska.

Baba, rabin amsar ka ba ni.